Kifin da Aka Kai Yauri

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, aka kwaso mu ma'aikata aka zube a Birnin Kebbi kamar an juye buhun albasa. Ofis babu kujeru, gari babu ɗakunan haya. Ni Munzali, Bakaben Argungu, da na saba da ɗakina ni kaɗai, sai ga ni a unguwar Nasarawa ina raba ɗaki da wani akawu mutumin Zuru, Kirista, mai suna Irimiya. Da farko na yi ta ƙunƙuni. Ashe zama da shi ba wuya. In na tayar da salla ya kashe rediyonsa, in ya buɗe littafinsa na rage surutu, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Aikin akawu ba ya ran Irimiya. Tun yana yaro burinsa ya tafi makarantar koyon aikin fasto. Cocinsu a lokacin aji ɗaya ne na wata firamare da suke ara ranar Lahadi, kuma mutum guda aka ce su tura a wannan shekarar. Shekarunsa sun kai iyakar da ake ɗauka, in ya rasa bana ya rasa ke nan har abada. Dattawan cocin suka ce sai ya yi wa'azin gwaji a gaban jama'a kafin shugabansu ya sa hannu a takarda. Labarin da suka zaɓa masa kuwa na masunta ne.

Wata Juma'a da yamma na dawo na same shi ya zuba tagumi, littafi a buɗe a cinyarsa.

"Munzali," in ji shi, "ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Me zan ce a kan su?"

Na ce ya ba ni labarin. Ga yadda yake a littafinsu, kamar yadda ya faɗa mini. A bakin wani babban tafki na ƙasar Galili, wani masunci mai suna Bitrus da abokan aikinsa sun kwana suna su ba su kama komai ba. Gari ya waye suna wankin taru, sai Annabi Isa, alaihissalam, wanda su suke kira Yesu, ya ce su koma tsakiyar ruwa su sake zubawa. Suka koma. Kifi ya cika har taru ya fara yagewa.

"To ai magana ta fito," na ce. "Ka ce musu kifi ya yi yawa, Allah mai iko ne."

"Sun ji wannan sau ɗari. Ko 'yan makarantar Lahadi sun iya shi."

"To shirya, gobe mu tafi Argungu. Ba a tambayar takarda labarin ruwa alhali Kawu Labbo na da rai."

Da safe na goya shi a babur ɗina, muka bi ta Ambursa muka miƙe. Kawu Labbo ƙanen mahaifiyata ne, shekara hamsin yana su, kuma ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba in dai ya shafi ruwa. Muka same shi a ƙofar gida yana ɗinkin homa, wato komar nan mai bakin kara da muke riƙe ɗaya a kowane hannu in mun hau gora. Matarsa, Inna Kulu, tana daga zaure tana juya kifi a kan banda, kunnenta na wajenmu.

Bayan gaisuwa Irimiya ya fara labari. Bai yi nisa ba Kawu ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗan nan. Sunka kwana cikin ruwa ba su kama komi ba, kuma sunka bari anka rubuta? Mutanen ina na?"

Irimiya ya ce mutanen Galili ne, can arewa, kuma mutanen babban birninsu, Urushalima, raina su suke yi, har dariyar maganarsu ake yi in sun shigo gari.

"Ashe Kabawa na!" in ji Kawu. "Su ma an ari sunansu an kai hedkwata wani wuri ko?"

Na yi dariya har na ƙware, don abin yana cin raina ni ma. Jiha ta ɗauki sunan kakanninmu, gidan gwamna kuma ya sauka inda ya sauka. Irimiya ya ce wannan dai babu shi a littafi. Ya ci gaba har ya kai inda aka ce su koma su sake zuba taru.

"Shi wanda yac ce su koma, masunci na?"

"A'a, Baba. Da aikin kafinta ya tashi."

"Garinsu bakin ruwa shike?"

Irimiya ya juya bayan littafin inda aka zana taswira, ya bi da yatsa. Ya ce garin Nazarat ne, bisa tudu, cikin duwatsu, daga can zuwa tafkin tafiyar yini ce sosai.

"Kamar Zuru ke nan," in ji Kawu. Ya ajiye allurarsa. "Mu mun sani Annabi na, Allah shi ƙara mai daraja. Amma shi Bitrus ɗin, ranar nan ya gama sanin ko wa ag gabanai?"

"Bai gama sani ba tukuna."

"To ku kun daɗe kuna kallon wurin da ba shi ba. Kihi na Allah na, rana guda shi kan cika taru ko ga raggo. Abin mamaki shi na, masunci ɗan masunci, gaban yaranai, rana ta hito kihi ya nutse, mutumin tudu shi ce mai koma ka zuba, kuma shi koma. Wanga shi na aya. Ni ban taɓa ganin irinta ba."

Irimiya ya zaro biro ya hau rubutu. Inna Kulu daga zaure ta ce, "Ai ko maganar matatai masunci bai ji, balle ta baƙo." Kawu ya yi kamar da bango take.

Bayan azahar Kawu ya saɓa gorarsa ya ce mu raka shi wani wuri mai zurfi a ƙasan gari, baƙo ya ga yadda ake yi. Bazara ce, ruwa ya janye ya kwanta, sauran masunta sun yi can gaba, mu uku ne kaɗai. Kawu ya yi wa Irimiya tayin hawa gora. Irimiya ya dubi gorar, ya dubi ruwan, ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Ya hau gaɓa, gaɓar ma ba ta ishe shi ba, ya ƙara da hawa wata giyayya da ta sunkuyo kan ruwa ya rungume reshe. Mutumin dutse, in ya ji tsoro sama yake yi.

Kawu ya kifa ƙirjinsa a kan gora, homa a kowane hannu, yana tafiya a hankali da ƙafafu. Ni ina zaune a inuwa ina cin gyaɗa. Can sai na ji Irimiya ya ƙwala ihu.

"Baba! Hagunka! Gindin kututturen can! Wani abu baƙi, ya fi ni tsawo!"

Daga baya ya gaya mini ubansa maharbi ne, tun yana ƙarami aka koya masa hango rema a tsakanin duwatsu, kuma daga saman itacen yana ganin inuwar abin sarai. Wanda ke cikin ruwa kuwa hasken rana kawai yake gani a fuskar ruwan.

Kawu ya ji. Na rantse ya ji, don na ga wuyansa ya motsa. Sai ya juya gorarsa a tsanake, cikin isa, ya nufi dama.

"Baba, hagu na ce!"

Bai rufe baki ba ruwan gindin kututturen ya tsage. Giwan ruwa ce. Na ga bayanta, na ga jelarta ta tashi ta maka ruwa har feshin ya jiƙa bayan Kawu, sannan ta nutse cikin ramin da ba mai iya bin ta. Na tashi a Argungu, na ga kifayen da ake ɗorawa a sikeli ranar gasar kamun kifi, amma ban taɓa ganin kamarta ba. Gyaɗar da ke bakina ma ban san inda ta yi ba.

Kawu ya fito ya zauna a gaɓa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Tausayinsa ya kama ni, dariya kuma tana cina, na rasa wadda zan bari ta fito. Da Irimiya ya sauko, Kawu ya kama hannunsa.

"Ɗan nan, ka ci tuwon gidana. Abin ga da kag gani, kada sunana shi hito bakinka, kada sunan garin ga shi hito. Ka yi alkawari?"

Irimiya ya yi. Ni bai sa ni ba, don ya san in na yi wani motsi wajen mahaifiyata zai kai ƙara.

A hanyar komawa Irimiya yana bayana yana ta nishi. Ya ce Allah ya ba shi misalin da ya fi kowane misali, masuncin da ya ƙi jin mutumin tudu a ajiye kusa da wanda ya ji, ga shi an ɗaure masa baki. A nan ne shaiɗan ya ari bakina.

"Kai shi wani gari mana," na ce. "Kifi yana da katin shaida ne? Ka ce a Yauri aka yi."

"In yi ƙarya a gaban jama'ar Allah?"

"Wace ƙarya? Canjin wurin aiki ne. Mu ba haka aka yi mana ba?"

Kafin mu wuce Ambursa na san shawara ta shige shi.

Ranar Lahadi ni na kai shi. Na kafe babur a gindin wani dogonyaro kusa da tagar ajin na zauna, wai ina jiransa, alhali kunne na baza. Wallahi yaron ya iya magana. Ya zana musu tudu da tafki a allo, ya nuna musu nisan da ke tsakani. Ya tambaye su, in shi ɗan Zuru ya je ya ce wa masunci ga inda kifi yake, me za a yi masa? Aji ya ɗauki dariya. Sannan ya kawo labarin wani tsohon masunci a Yauri, a kan gorarsa da homarsa, wanda aka ce masa hagu ya yi dama. Aka yi dariya har da masu share hawaye. Ya bari ta lafa, ya ce kowa a nan yana da ruwan da yake ganin ya fi kowa sani, kuma ta nan ne ya fi wuya a yi masa magana. Ni kaina a waje sai da na gyara zama.

Sai shugaban dattawan ya miƙe. Sunansa Dattijo Sama'ila, tsohon malamin asibiti ne da ya yi shekara talatin a Sakkwato har harshensa ya koma na can. Cocin sabo ne, kowa baƙo ne, ba wanda ya taɓa tambayar asalinsa.

"Ɗana, wane gari kac ce?"

"Yauri, Baba."

"Bisa gora?"

"I, Baba."

"Ni a tsibirin Yauri anka yanke cibiyata, ubana masunci na. Kogin Kwara ba a hawanai da gora. Wanda duk yag gwada, sai dai a tai madatsar Kainji a tsamo shi. Mu da jirgi muka su."

Ta taga na hango Irimiya ya riƙe gefen tebur.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce wa'azi ya yi kyau, amma ɗayan biyu ne. In ƙirƙirar labarin aka yi, an yi ƙarya a gaban jama'a. In kuwa ya faru, a faɗi inda ya faru da wanda ya faru da shi, a sauke wa masuntan Yauri taurin kan da aka ɗora musu. Irimiya ya ce ya faru, ba a Yauri ba, ya yi kuskure, amma ya yi alkawari ba zai faɗi wuri ko suna ba. Dattijon ya ce to shi ma ba zai sa hannu a kan abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ranar Alhamis takardu za su tafi, ya ba Irimiya wa'adi zuwa Laraba.

Kwana biyu Irimiya bai ci abin kirki ba. Abin da ya fi damuna, ko sau ɗaya bai ce ni na jawo masa ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na ce bari ni in je in faɗa wa dattijon, ai ni ban yi alkawari ba. Ya ce bakina da nasa duk ɗaya ne a wannan magana. Na ce to in je in roƙi Kawu ya warware masa. Ya ce tsoho ya riga ya sha kunya sau ɗaya, kada in kuskura in roƙe shi. Na ce na ji, ba zan roƙe shi ba.

Ban kuwa roƙe shi ba. Ranar Talata ana tashi daga aiki na hau babur sai Argungu. Na sami Kawu da Inna Kulu a tsakar gida, na gaishe su, na sha ruwa, na yi hamma.

"Kawu, kun ji labarin da ake yi a Birni kuwa? Wai an ga wata giwan ruwa da ba a taɓa ganin irinta ba. Ta fi mutum tsawo. Gindin wani kututture."

Kawu ya daina taunar goro. "Ina?"

"Yauri."

"Yauri?"

"Haka ake faɗi. Har wai Yaurawa na cewa in an gwada da nasu, kifin Argungu duk 'ya'yan tarwaɗa ne." Wannan na ƙarshen ni na ƙara, Allah ya yafe mini.

Kawu ya miƙe tsaye, zaninsa na neman kwancewa. "Kihina na! Ƙaƙa za a ɗauki kihina a kai ma Yaurawa?"

"Wane kihinka?" in ji Inna Kulu. "Ka kama shi?"

Nan fa asiri ya tonu a cikin gida. Inna ta matsa, Kawu ya yi ta kame-kame, ni kuma na kwance musu komai, har da abin da ya faru a cocin da takardar da ba a sa wa hannu ba. Inna ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta ji batun makarantar kuwa sai dariyar ta ɗauke.

"Yaro na shirin rasa abin da yad daɗe shina nema don shi ruhe maka asiri," ta ce, "kai kuwa kana nan kana taunar goro."

Kawu ya shiga ɗaki. Ya daɗe. Ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a a hannu ya ce a sa mata guga. "Gobe ka kai ni Birni," ya ce mini. "Kuma ka sani, ba don yaron za ni ba. Don kihi na."

Na ce ai kowa ya sani.

Laraba da hantsi muka tsaya a ofis muka ɗauki Irimiya, mu uku a babur ɗaya, Kawu a tsakiya rigarsa na kaɗawa. Irimiya sai hararata yake yi ta madubi, ni kuwa na ce masa roƙo ya hana ni, kuma ban yi ba. Muka sami Dattijo Sama'ila a barandar gidansa. Tsofaffin nan biyu suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa na auna ɗan'uwansa.

"Na zaka amsar kayana," in ji Kawu. "An ce an aje muku wani kihi. Nawa na. Ruwan Argungu, ƙasan gari. Ni anka ce ma hagu niy yi dama."

Dattijon ya dube shi, ya dubi Irimiya da ya sunkuyar da kai. Na ga dattijon yana danne dariya.

"Girmanai ya kai ƙaƙa?"

Kawu ya buɗe hannuwa iyakar buɗewarsu, ya ce a ƙara da kamu biyu. Dattijon ya ce a Kwara irin wannan yara ake bar wa. Kawu ya ce ai shi ya sa har yau ba a taɓa jin an yi gasar su a Yauri duniya ta zo kallo ba. Suka yi ta yi kusan rabin awa, har matar gidan ta kawo kunun zaƙi, takardar Irimiya kuwa tana kan tebur an danne ta da tabarau, shi kuma idonsa na kanta.

Da suka gaji, dattijon ya juyo. Ya ce ƙarya dai an yi ta, kuma Lahadi mai zuwa Irimiya zai tsaya inda ya tsaya ya nemi gafarar jama'a, ya mayar da kifi ruwansa. Irimiya ya ce ya yarda, amma sunan gari kawai zai faɗa.

"Hwaɗi da sunana," in ji Kawu. "In kac ce wani masuncin Argungu, kahin sati mutum goma sun ce su na."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Yana juya kofin kunu a hannunsa. Can ya dubi Irimiya.

"Ɗan nan, ranar nan ba ka ƙare min labarin ba. Shi Bitrus, da yag ga jirgi ya cika, mi yay yi? Rawa?"

"A'a, Baba. Durƙusawa ya yi, ya ce a rabu da shi, shi mai zunubi ne."

Dattijon ya ce su dai abin da aka koya musu, tsoron ikon da ya gani ne ya kama shi.

Kawu ya girgiza kai. "Ku kun hi ni sanin littahinku. Amma ni ina ganin kunya ta. Hannunai kaɗai yab bi magana. Sa'ad da shika zuba tarun, zuciyatai cewa takai, bari in gwada ma mutumin tudun ga babu komi nan. Da kihi yat taso, abin da yar riga yac ce cikin rai nai shi yat tuna." Ya ajiye kofin. "Ni kwana huɗu ke nan ina tuna nawa."

Dattijo Sama'ila ya daɗe yana kallon Kawu, sannan ya ɗauki tabarau ya sa, ya jawo takardar, ya laluba aljihu bai sami biro ba. Irimiya ya miƙa masa nasa da hannu biyu.